3.4 Dangantakar Sunan Modul da Sunan Fayil a Harshen Python

A wannan sashe za a duba yadda harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, yake gano fayil daga sunan da aka ba shi. Modul fayil ne mai ɗauke da umarnin da wata manhaja za ta iya ara, kuma da kalmar import ake kiransa.

Alal misali, idan aka rubuta import lissafi, Python zai nemi fayil mai suna lissafi.py, ko folda mai suna lissafi wadda ke ɗauke da fayil ɗin __init__.py. Idan su biyun suna wuri ɗaya, foldar ake ɗauka. Ɗigo kuwa shiga cikin folda yake nufi. Wato import makaranta.malamai zai kai ga malamai.py da ke cikin foldar makaranta.

Neman yana bin jerin wurare da ake kira sys.path, ɗaya bayan ɗaya. Ana farawa da foldar da manhajar take, sannan wuraren da aka zayyana a PYTHONPATH, sannan taskar modul da Python ya zo da ita. Wanda aka fara cin karo da shi, shi ake ɗauka. A nan ne masu koyo kan yi tuntuɓe. Idan mutum ya raɗa wa fayil ɗinsa suna random.py, to ya tare wa modul ɗin random na asali hanya, sai manhajar ta ƙi aiki alhali babu kuskure a rubutunta.

Bugu da ƙari, dole sunan fayil ya bi ƙa'idar sunaye ta harshen. Ba ya farawa da lamba, ba ya ɗaukar karan ɗori ko tazara. Tun daga Python 3 na 2008 an amince da haruffan da babu su a Ingilishi, don haka import ɗalibai zai gano ɗalibai.py. Amma sunan da aka fara da 'y mai waƙafin sama ba zai karɓu ba, sai an rubuta shi da ƴ mai lanƙwasa.

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa a Python sunan fayil ba ado ba ne, shi ne adireshin da ake bi a iso ga modul.