Malami Ma Mutum Ne: Hira A Kan Natsuwa Da Tausayin Kai

   

Kullum a wannan shiri muna magana a kan ɗalibi: yadda zai riƙe alƙalami, yadda zai haɗa baƙi da wasali. Yau za mu juya ga wanda ke tsaye gaban allo, watau malami. Malaminku na karatun manya, da malamin lakkwal wanda ke koya wa ƴaƴanku. Za mu yi magana a kan gajiyarsa, da abu biyu da ke taimaka masa: natsuwa da tausayin kai. Kada ku ce wannan zancen malamai ne, ba ruwanku. In rijiya ta ƙafe, mai guga ne ke kwana da ƙishirwa.

ABIN DA YA SAME NI

Bari in fara da kaina. Ni malamin yaƙi da jahilci ne a nan Gaya. Na fito makarantar horon malamai da ƙarfina, ina ganin malamin kirki ba ya gajiya, ba ya kuskure.

Wani dare a watan Afrilu, zafi ya kai zafi. Da safe na koya wa mata. Da rana na kai ɗana gidan likita. Da dare na zo ajin maza, kaina na sarawa. A cikin ɗalibaina akwai wani dattijo masunci, ya haife ni. Ya shiga karatu ne domin ya iya karanta sunayen da ke cikin salularsa, ya daina roƙon jikoki. Daren nan ya rubuta "d" a wurin "b". Na gyara masa. Ya sake. Na gyara. A na uku sai na jefar da alli, na ɗaga murya na ce: "Haba Baba! Sau nawa zan gaya maka?"

Aji ya yi tsit. Dattijon bai ce komai ba. Ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu. Washegari bai zo ba. Mako ya ƙare bai zo ba.

To, sai na koma kan kaina da faɗa. In na kwanta, sai zuciyata ta ce: "Kai ba malami ba ne. Ka wulaƙanta tsoho. Ka bar aikin nan." Barci ya ƙaurace mini. Abin mamaki, duk wannan zagin kai bai gyara komai ba. Kunya ta hana ni zuwa wurinsa, aji kuma ya ƙara yi mini nauyi.

Wata malamar lakkwal da ta daɗe a aiki ta ga na rame. Na gaya mata duka. Ta ce: "Ƙanena, in ɗalibinka ya yi kuskure a kan allo, me kake ce masa?" Na ce: "Yaya, cewa nake ya goge ya sake." Ta ce: "To kai fa? Wa ya hana ka gogewa?"

Da yamma na gangara bakin kogin Kwara. Na tarar da shi yana ɗinkin taru. Na durƙusa na ce: "Baba, na yi maka laifi, ka gafarce ni." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce: "Malam, ni da na ɗauka kaina ne ya tsufa da karatu." Kun ji? Ina can ina zagin kaina, shi ma yana nan yana zagin nasa. Ya dawo aji. Kafin ruwan farko ya sauka, yana karanta sunan ƴarsa a salula.

GAJIYA IRI BIYU CE

Akwai gajiyar jiki. Manomi ya wuni a fadamar rake ko ta shinkafa, ya ci tuwo, ya kwana, da safe ya tashi garau. Akwai kuma gajiyar zuciya, wadda barcin dare ɗaya ba ya kawar da ita.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan gajiya. Ta ce tana zuwa ne daga wahalar aiki da ta daɗe ba a yi mata magani ba. Ta ba da alamu uku. Na ɗaya, mutum ya ji ƙarfinsa ya ƙare. Na biyu, ya ji aikin ya fita ransa. Na uku, aikin ya daina yin kyau a hannunsa.

Me ya sa take kama malamai? Ku dubi aikin. Malamin lakkwal yana da yara cike da aji, wani ajin ma na zana ne. A ƙasar Dandi yaro ɗaya na jin Dandanci, wani Zabarmanci, wani Hausa, wani Fulatanci, malami kuma zai kai su duka ga karatu ɗaya. Sau da yawa an turo shi daga nesa, iyalinsa na wani gari. Wani lokaci albashi ya yi jinkiri. A 2023 da aka rufe gadar Gaya da Malanbil, ciniki ya ja baya, kaya suka yi tsada, malami ma ya ji a tukunyarsa kamar kowa. Duk da haka, in ya shiga aji, ana so a ga fara'a a fuskarsa.

MENE NE NATSUWA?

Natsuwa ita ce hankalinka ya zauna inda jikinka yake. Ku dubi mai tuƙa kwale-kwale a tsakiyar kogi. Idonsa na kan ruwa, hannunsa na jin nauyin filafili. In ya bar hankalinsa ya tafi ga bashin jiya ko kasuwar gobe, jirgi ya karkace. Kalmar ba baƙuwa ba ce gare mu. Mai ibada ya san ta, mai hawan giginya ma ya san ta.

Abin da masana suka ƙara shi ne, sun nuna ana koyon natsuwa kamar yadda ake koyon karatu. A 1979 wani masani mai suna Jon Kabat-Zinn ya buɗe aji na mako 8 a asibitin Jami'ar Massachusetts, a Amurka. Ya koya wa masu ciwo mai daɗewa su zauna, su lura da numfashinsu, su lura da abin da ke motsi a jiki da zuciya, ba tare da sun yanke wa kansu hukunci ba. Daga baya aka kai wannan koyo makarantu. A 2017 aka buga wani bincike da aka yi da malamai 224 na makarantun firamare 36 a birnin Niyu Yok. Waɗanda aka koya wa natsuwa damuwarsu ta ragu, suka fi iya riƙe fushi. Masu zuwa duba aji kuma suka ga sun fi tausasa wa yara.

Ga dalili. In ranka ya ɓaci, jiki yana shirin faɗa. Zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya gajarta, kafaɗa ta ɗaure, murya ta hau. Wannan yana faruwa kafin tunani ya iso. Amma in ka fitar da numfashi a hankali, ya fi wanda ka shaƙa tsawo, bugun zuciya yana sauka. Sai tunani ya samu wuri. Jiki magayi ne. Da na saurari nawa a daren nan, da na ji hannuna ya matse alli tun kafin in jefar da shi.

MENE NE TAUSAYIN KAI?

Tausayin kai shi ne ka yi wa kanka abin da za ka yi wa amininka in ya faɗi. A 2003 wata masaniya ta Jami'ar Texas, Kristin Neff, ta ce abin yana tsaye a kan ƙafa uku, kamar murhu.

Dutse na farko: ka yarda abin ya yi maka ciwo. Kada ka ɓoye shi, kada kuma ka hura shi ya fi girmansa. Wannan natsuwar ce da muka faɗa.

Dutse na biyu: ka tuna ba kai kaɗai ba ne. Babu malamin da bai taɓa yin abin da ya yi nadama ba. Kuskure gadon ɗan Adam ne.

Dutse na uku: ka yi wa kanka magana mai taushi. Maimakon "ni ba ni da amfani", ka ce "yau na yi kuskure, gobe zan gyara".

Wani zai ce: "Malam, ai wannan lalaci ne. In mutum bai matsa wa kansa ba, yaushe zai gyaru?" Tambaya ce mai kyau. Ku tuna labarina. Mako guda ina zagin kaina, ban taka ƙofar dattijon ba. Ranar da na sassauta wa kaina, ranar na tafi neman gafara. An ma gwada wannan. A 2012, a Jami'ar Kalifoniya, aka ba ɗalibai jarrabawar kalmomi masu wuya, suka sha kaye. Waɗanda aka ce musu kada su tsananta wa kansu, su ne suka fi daɗewa suna bita kafin jarrabawa ta biyu. Mai tausayin kansa yana iya duban laifinsa ido da ido, domin bai ji tsoron bulalar zuciyarsa ba.

ABU HUƊU DA ZA A IYA YI

Waɗannan ba sa cin ko dala. Malami zai iya, ɗalibi ma zai iya.

1. A bakin ƙofa. Kafin ka shiga aji, ka tsaya. Ka shaƙi iska kana ƙirga 4. Ka fitar kana ƙirga 6. Ka yi haka sau 3. Ka ji ƙafarka a ƙasa, sa'an nan ka yi sallama.

2. In fushi ya taso. Ka faɗi sunansa a zuci: "Ga fushi ya zo." Ka ajiye alli. Ka goge allo a hankali, ko ka kurɓi ruwa. Kada ka yi magana sai numfashinka ya daidaita.

3. Bayan an tashi. Ka ɗauki takarda ka rubuta layi 2: abu ɗaya da ya yi kyau yau, da abu ɗaya da za ka gyara gobe. Ɗaya kawai. Ka rufe takardar, ka bar aikin a cikinta, ka tafi gida.

4. Sau ɗaya a mako. Ka zauna da wani malami ɗan'uwanka, ku sha shayi, kowa ya faɗi abin da ya dame shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da farko hankali zai riƙa gudu. Ba laifi. Ka dawo da shi kamar yadda makiyayi ke dawo da akuya, ba da duka ba. Yadda hannunku ya yi ta rawa ranar da kuka fara rubuta "a", haka wannan ma yake. Sannu ba ta hana zuwa.

GASKIYA BIYU

Ta farko: natsuwa ba ta biyan albashi, ba ta gina aji, ba ta sayen alli. Waɗannan haƙƙi ne, dole a ci gaba da nemansu ta hanyar da ta dace. Amfanin natsuwa shi ne malami ya kai ranar da za a same su da sauran ƙarfinsa.

Ta biyu: in baƙin ciki ya wuce mako 2, mutum ba ya barci, ba ya cin abinci, ko yana jin rayuwa ta ishe shi, to abin ya wuce numfashi. A raka shi gidan likita. Ciwo ne kamar zazzaɓi, ba abin kunya ba ne.

RABONKU, KU ƊALIBAI DA IYAYE

Tun 1963 ake yaƙi da jahilci a ƙasarmu ta Nijar. Duk wanda ya koyi karatu tun daga lokacin, wani ne ya tsaya masa gaban allo. To, me za ku yi wa naku?

Ku zo aji a kan lokaci. In ba za ku zo ba, ku aiko. Baƙon malami da aka turo ƙauyenku, ku sama masa ɗaki mai kyau, ku sa shi cikin sha'aninku na suna da biki. In ya yi muku ba daidai ba, ku same shi a keɓe ku gaya masa, kada ku ɗauke ƙafa ku yi shiru. Ranar 5 ga Oktoba ita ce ranar malamai ta duniya, amma "sannu da aiki, Malam" ba ta jiran Oktoba.

Ku ma ku tausaya wa kanku. In "b" da "d" sun rikice muku, kanku bai tsufa ba. Ku goge ku sake.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Mene ne bambancin gajiyar jiki da gajiyar zuciya?
2. Ku faɗi duwatsu uku na tausayin kai.
3. In kun yi kuskure a karatu, me kuke ce wa kanku?
4. Wane abu ɗaya ƙauyenku zai yi wa malaminsa a wannan wata?

Aikin rubutu: kowa ya rubuta wa malaminsa layi 2 na godiya, ya miƙa masa hannu da hannu.