ARM: Ƙwaƙwalwar da Ke Cikin Wayarka

'Yan uwa ɗalibai, idan mai gyaran waya a nan Ƙofar Guga ya kwance Tecno ko itel, akwai wani ɗan baƙin abu mai kusurwa huɗu manne a jikin allonta. Sunansa furosesa, shi ne ƙwaƙwalwar da ke yin duk lissafin wayar. Kusan dukkan wayoyin yau a kan tsarin ARM aka gina furosesarsu, kuma tsarin ya girmi wasu malamanmu.

A shekarar 1983, kamfanin Acorn da ke Kambirij a Ingila yana neman furosesa mai sauri don sabuwar kwamfutarsa. Waɗanda ke kasuwa ba su gamsar da shi ba, sai ya ɗora wa injiniyoyinsa biyu, Sophie Wilson da Steve Furber, aikin ƙirƙiro nasa. Kuɗi kaɗan ne, ma'aikata ma 'yan tsiraru. Don haka suka bi dabarar RISC: a koya wa furosesa umarni kaɗan masu sauƙi, ta riƙa aiwatar da su da gaggawa. Wilson ta tsara umarnin, Furber ya zana yadda cikinta zai kasance.

Ranar 26 ga Afrilu, 1985, aka kunna ARM ta farko, ta kuwa yi aiki nan take. Tiranzista kusan 25,000 ke cikinta, wato ƙananan makunnai masu buɗe wa lantarki hanya ko su toshe. Intel 80386 da ta fito a wannan shekarar tana da 275,000.

Saboda tsadar kayan rufi masu jure zafi, sun so su rufe ta da roba mai araha, shi ya sa suka ƙudurta kada cin wutarta ya wuce wat ɗaya. Da aka auna, kusan kashi ɗaya cikin goma na wat take ci. Wannan tsimin ya sa masu ƙera waya, irin su Nokia, suka rungume ta. Mu da muke biyan kuɗin caji in an ɗauke wuta, mun san darajar batirin da ke kai mutum dare.

Ƙarancin kayan aiki ne ya tilasta musu sauƙaƙa tsarin, sauƙin kuma ya zama ribarsu. 'Yan ajin kimiyya, sai a riƙe wannan.

Tambayar mako: wane kamfani ya ƙera furosesar wayar gidanku? Ku miƙa amsa ga 'yan ƙungiya kafin Juma'a.