Daga Gona Zuwa Akushi: Shin Maganin Ciyawa Yana Biyo Abincinmu?

A da, da zarar shuka ta yi ƙwari sai a shiga noman firi da fartanya, a dawo a yi maimai, mai hali ya kira gayya. Yau kuɗin ƙwadago ya yi tsada, manomi da yawa sun koma ga maganin ciyawa. Mutum ɗaya ya goya famfon feshi, kafin azahar ya gama aikin da zai ɗauki majiya ƙarfi kwanaki. Sauƙi ya samu, babu musu. Sai dai ya kamata mai ci da mai nomawa su san ko wani abu na wannan magani yana saura a cikin tuwo da miya, kuma idan yana saura, wace illa yake yi.

Maganin ciyawar da aka fi amfani da shi a duniya shi ne gilifosat, wanda ake rubutawa glyphosate a jikin gora. Kamfanin Monsanto na Amurka ne ya fito da shi a 1974 da sunan Roundup, yanzu kuwa kamfanoni barkatai suna haɗa shi da sunaye iri-iri. Idan aka fesa, ganye yakan shanye shi ya ratsa har saiwa. Saboda haka abin da ya riga ya shiga cikin tsiro, wanki ba ya fitar da shi.

A ƙasashen waje, hanyoyi biyu ne suka fi kai shi cikin abinci. Tun daga 1996 ake shuka waken soya da aka sauya wa halitta don ya jure maganin, daga baya aka samar da masara irin wannan, ana fesa musu suna tsaye a gona. Sannan a wasu sassan Amurka da Kanada akan fesa wa alkama da dangoginta dab da girbi don su bushe gaba ɗaya. Shi ya sa masu gwaji suke samun ɓurɓushinsa a burodi da garin kunun yara, duk da cewa akasari bai kai iyakar da doka ta gindaya ba.

To, yana jawo cutar daji? A nan masana suka rabu. A watan Maris na 2015, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sa shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya haddasa cutar, rukunin da jan nama ma yake ciki. A ƙarshen shekarar, hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce da wuya ya jawo ta. A 2016 kwamitin haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ya ce ɗan abin da ake ci ta hanyar abinci da wuya ya zama sanadinta. Tambayar da kowanne ya amsa daban ce: cibiyar Liyon ta duba ko maganin zai iya cutarwa a wani hali, sauran kuwa sun duba gwargwadon abin da ke shiga cikin mutum a zahiri. A ma'aunin Turai, mai nauyin kilo 60 zai iya samun miligiram 30 a jikinsa kullum ba tare da ana tsammanin wata illa ba, kuma abin da ake tsinta a abinci ya yi ƙasa da haka nesa. A 2023 Turai ta sabunta izinin amfani da shi na shekara 10, amma ta hana fesa shi don busar da amfanin gona.

Ƙararrakin da aka yi a Amurka ma abin lura ne. Kamfanin Bayer na Jamus, wanda ya sayi Monsanto a 2018, ya amince a 2020 zai biya kusan dala biliyan 11 don sasantawa da masu cutar dajin kaluluwa da suka ce maganin ne ya jawo musu ita, ba tare da amsa laifi ba. Akasarin waɗannan mutane masu feshi ne da suka daɗe suna taɓa maganin da hannunsu.

Wannan shi ya kawo mu gida. A wajenmu haɗarin ya fi yawa a yadda ake sarrafa maganin. Ciyawar da aka fesa wa gilifosat takan yi kwanaki da ɗanyen ganyenta kafin ta fara yaushi. A tsakanin nan mace ko yaro na iya tsinko tafasa ko lalo ko rama a bakin gona don kwaɗo da miya, mai kiwo ya yanko wa tumaki, ba wanda ya san an yi feshi. Ana wanke famfo a rafin da ake sha, ana zuba ruwa ko mai a gorar da magani ya ƙare.

Kuma akwai waɗanda suka fi gilifosat muni. Farakwat, wanda aka sani da sunan Gramoxone, kurɓa ɗaya na iya kisa, yana lalata huhu, ba shi da makari. Atirazin kuwa yakan tsiyaya ya gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa. Turai ta daɗe da hana su, hukumar NAFDAC ta Nijeriya ita ma ta sanar da haramta farakwat daga farkon 2024, atirazin daga farkon 2025. Sakaci da magani yana taɓa aljihu ma: a 2015 Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa.

Manomi, kada ka sayi maganin da aka ɗura a gorar lemo ko wanda ba shi da lambar rajista. Ka bi awon da aka rubuta, domin ƙari ba ya ƙara yabanya. Ka rufe hanci da baki, ka sa safar hannu da takalmin roba, kada ka yi feshi cikin iska ko dab da girbi. Ka kafa alama a gonar, ka sanar da maƙwabta da makiyaya. Gorar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan cikin famfo, a huda ta. Abin da ya shige maka duhu ka tambayi malamin gona.

Uwargida, ki wanke ganye da kayan miya sosai da ruwa mai tsabta, domin yana rage abin da ke bisa. Ki san inda aka tsinko ganyen daji kafin ki sa a tukunya. Kada tsoro ya sa a daina cin ganye da 'ya'yan itace, amfaninsu ya rinjayi wannan fargaba. Idan kuwa wani ya sha maganin, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a tilasta masa amai. A garzaya da shi asibiti tare da gorar.

Hukumomi kuma nauyi ne a kansu su riƙa gwada hatsi da ganyen da ke kasuwanninmu suna bayyana wa jama'a sakamakon, su tilasta a rubuta gargaɗi da Hausa a jikin kowace gora, su kwashe haramtattun magunguna daga shaguna. Mai sayen mudun wake ba shi da na'urar gwaji, ya dogara ne da amanar manomi da sa idon hukuma.