Hali Zanen Dutse Ne, Amma Wa Ya Zana Shi?

 Duk wanda ya san Birnin Kudu ya san duwatsunta. A jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai zanen shanu da mutanen da suka yi, wanda Bernard Fagg, Baturen nan da ya kafa gidan tarihi na Jos, ya bayyana wa duniya a shekarun 1950. Ruwa ya doke shi, rana ta doke shi, amma har yau ana ganinsa. Irin wannan ne Bahaushe ke nufi da ya ce hali zanen dutse. Sai dai mukan manta da abu guda: dutsen bai zo da zanensa ba, wani ne ya zauna ya zana. To wa ke zana halin yaro da basirarsa, kuma yaushe?

Gado ko zama?

Kakanninmu sun ba da amsa biyu. Sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, watau gado. Suka kuma ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, watau wurin da aka tashi. Masana ma haka suka rabu. A 1690 wani Bature na Ingila, John Locke, ya ce hankalin jariri kamar farar takarda yake, abin da ya gani ya ji shi ake rubutawa. A 1869 wani ɗan ƙasarsu, Francis Galton, ya ce a'a, basira gadonta ake yi. Masanan yau sun ce kowa da gaskiyarsa. Gado shi ne iri, zama shi ne ƙasa. Manomin Gwaram ya san in ya raba irin gero ɗaya, rabi a gonar da ta sha taki, rabi a fako, ba za su ba shi dami ɗaya ba.

Mutum uku sun ƙara haske a kan wannan. Jean Piaget na ƙasar Suwizalan ya nuna cewa hankalin yaro hawa-hawa yake girma, kuma a shekara biyun farko da hannu da baki da ido yake karatu. Saboda haka yaron da ke buga ludayi a ƙwarya ba ɓarna yake ba, darasi yake ɗauka. Lev Vygotsky na Rasha, wanda ya rasu a 1934, ya ce yaro ba ya koyo shi kaɗai, sai ta hanyar magana da wanda ya fi shi sani. Shi kuwa Urie Bronfenbrenner na Amurka, a 1979 ya bayyana cewa yaro yana zaune ne cikin da'ira a cikin da'ira, kamar yadda muke jera tasoshi, ƙarama cikin babba. Ta ciki ita ce uwa da ɗakinta, sai tsakar gida da kishiyoyi da kaka, sai unguwa da makarantar allo da ta boko, sai kasuwa da asibiti da hukuma. In hatsi ya yi tsada a kasuwa, jaririn da ke goye bai san kasuwa ba, amma zai ji a kununsa.

Kwana dubu na farko

Likitoci sun ce daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, watau kimanin kwana 1,000, ƙwaƙwalwa ke girman da ba za ta sake irinsa ba. Yaron da bai sami abinci mai gina jiki a wannan lokaci ba yakan tsumbure, kuma ba tsawonsa kaɗai ke taɓuwa ba, har da fahimtarsa in ya shiga makaranta. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da kashi 60 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Sau da yawa mukan ce ai gajartar gidansu ce, alhali kuwa yunwar yarinta ce.

An gwada magani a nan kusa. Daga 2014, a ƙaramar hukumar Buji da ke maƙwabtaka da Birnin Kudu, da kuma Gagarawa da Kirikasamma, an yi wani shiri na ba mata masu ciki Naira 3,500 kowane wata har yaro ya cika shekara biyu, tare da koya musu yadda ake ciyar da jarirai. Da aka auna yaran daga baya, sai aka ga tsumburewa ta ragu a garuruwan da suka samu. Shirin ya ƙare, amma darasinsa yana nan. A ba jariri dakashi, kada a zubar. A ba shi nono zalla wata shida. Bayan haka kada a bar shi da kunu tsararo, a sa masa gyaɗa ko waken suya, a ba shi alala da ƙwai da zogale da ɗan kifi. Yawancin waɗannan a gonakinmu suke, muna kai su kasuwa.

Ciki kaɗai bai isa ba

A 1986 da 1987, a birnin Kingston na ƙasar Jamaika, Farfesa Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 da suka tsumbure, 'yan wata 9 zuwa 24. Wasu aka riƙa ba su madara, wasu kuwa ma'aikaciyar lafiya ke zuwa gidansu sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana koya wa uwar yadda za ta yi wa ɗanta magana da wasa, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka sake neman yaran. Waɗanda aka yi wa wasa da hira sun fi sauran samun kuɗi da kimanin kashi 25 cikin 100. Ku duba fa, hira da wasa ne kawai, ba allura ba ƙwaya.

A nan mu Hausawa muna da jari. Goyo yana sa yaro ya ji ɗumin uwa ya sami natsuwa. Tatsuniya da kacici-kacici da waƙar raino duk makaranta ce. Abin da ya rage shi ne mu daina cewa ai bai san komi ba tukuna. In kina tankaɗe ko tsintar wake, ki faɗa masa sunan abin da ke hannunki. In ya yi gwaranci, ki amsa masa. Ku kuma masu ɗan fari, kunya ado ce, ba mai cewa ku yar da ita a gaban surukai. Amma in kin shiga ɗaki, ki dubi idonsa, ki yi masa dariya. Jariri bai san kara ba, shiru kawai ya sani.

Ku 'yan makaranta

Yawancinku ku ke goyon ƙannenku in kun taso. To ku ne mutumin nan da Vygotsky ya ce, wanda ya fi yaro sani. Ku ƙirga musu tsakuwa, ku nuna musu hotunan littattafanku, ku bar saurin kai musu hannu. Ku kuma riƙe karatunku da kyau. Tun 1979 wani masani, John Caldwell, ya nuna da ƙididdigar Nijeriya cewa 'ya'yan matar da ta yi makaranta sun fi tsira daga mutuwar yarinta.

Iyayen gida maza kuma, wadda ta karanta wannan ta karanta wa maigida. Buhun waken da za a sayar, a rage tiya biyu saboda mai ciki da wanda aka yaye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.