Tsakanin Kanti da Kasuwa: Ma'aunan Zaɓen Wurin Cefane a Birnin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan ma'aunan da magidanta a birnin Kano suke bi wajen zaɓen inda za su yi cefane, tsakanin manyan kantunan zamani da kasuwanni da shagunan unguwa. An nuna cewa farashin da aka liƙa a jikin kaya ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da ake dubawa. Abin da ya fi tasiri shi ne yadda kuɗi suke shigowa gida, wato kullum ko wata-wata, domin shi ke ƙayyade awon da za a saya da wurin da za a je da kuma buƙatar bashi.

1.0 Gabatarwa

A watan Janairun 2024 kantin Shoprite da ke rukunin shagunan Ado Bayero a titin Gidan Zoo ya rufe, bayan kimanin shekara goma da buɗe shi a 2014. Wannan ya faru ne a birnin da ya yi suna da saye da sayarwa tun ƙarnoni da dama, kuma a daidai lokacin da kantunan 'yan gida irin su Sahad da Jifatu suke ci gaba da harkokinsu, kasuwannin Singa da 'Yankaba da Dawanau kuma suke cike da jama'a. Lamarin ya isa ya sa mai nazarin al'adun Hausawa ya yi tambaya: me magidanci yake dubawa kafin ya zaɓi inda zai kai kuɗin cefanensa?

Tambayar tana da nauyi a wannan zamani. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da karyewar darajar naira a watan da ya biyo baya, hauhawar farashin abinci a Nijeriya ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. A irin wannan yanayi, kuskure wajen zaɓen wurin sayayya yana iya zama dalilin rage yawan girki a gida.

2.0 Cefane da Wuraren Yin Sa

A asalin ma'anarsa, cefane shi ne sayen kayan miya na yini: tumatir da tattasai da attaruhu da albasa da nama da daddawa da mai. Hatsi ba ya cikin lissafin, domin a gidan manomi yana rumbu. A birni kuwa, inda kusan komai sai an saya, kalmar ta faɗaɗa ta haɗa da shinkafa da taliya da sukari da madara da sabulu, wato abin da ake kira kayan masarufi. Bisa al'ada da kuma shari'ar Musulunci, ciyarwa tana wuyan miji, don haka kuɗin cefane suna cikin ma'aunan da ake gane riƙon gidan namiji da su.

Wuraren yin cefane a Kano sun kasu gida uku. Na farko su ne kasuwanni, waɗanda kowacce take da abin da ta shahara da shi: Dawanau hatsi, 'Yankaba kayan gwari, 'Yanlemo kayan marmari, Singa kuma sarin kayan masarufi. Na biyu su ne masu shago da masu tireda da masu kayan miya na bakin layi. Na uku su ne manyan kantuna, inda mai saye yake ɗaukar kaya da hannunsa ya biya a bakin ƙofa, a kan farashi ɗaya da ba a tayawa.

Su kansu sunayen suna ɗauke da tarihi. Masana harshe da dama suna ganin kalmar kasuwa ta shigo Hausa ne ta hanyar Barbarci, mudu kuma daga Larabci, alhali kanti da tireda da farashi aro ne daga Turanci. Ke nan tsohon tsarin ciniki yana da kalmominsa tun kafin zuwan Turawa, sabon kuma ya zo da nasa.

3.0 Taƙaitaccen Tarihin Kanti

Ana danganta kafa kasuwar Kurmi da zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15. Kanti kuwa ya samu gindin zama ne bayan isowar layin dogo Kano a 1911, lokacin da kamfanonin Turawa irin su John Holt suka buɗe wuraren sayen gyaɗa da fatu da sayar da atamfa da gishiri da kananzir. Fataken Siriya da Labanan su ma suka kafa shagunansu a yankin da ya zama Kantin Kwari. A 1948 kamfanin UAC ya buɗe kantin Kingsway a Legas, daga baya ya yi rassa a wasu manyan birane, kuma shi da ire-irensa kamar Leventis da UTC suka saba wa ma'aikatan gwamnati da sayayya a kan tsayayyen farashi. Waɗannan kantuna sun durƙushe sannu a hankali bayan matsin tattalin arziki na shekarun 1980. Shoprite, kamfanin Afirka ta Kudu, ya shigo Nijeriya a 2005, sannan ya sayar da harkarsa ta ƙasar ga 'yan kasuwar gida a 2021.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, tun farko kanti ya ginu ne a kan mai albashi. Duk lokacin da albashi ya yi rauni, kanti ne yake fara jin jiki.

4.0 Ma'aunan Zaɓe

4.1 Awo da Farashi

Kanti yana sayarwa da kilo da lita, kasuwa kuma da kwano da mudu da gwangwani da kwalba da kashi da kwando. Kwatanta farashin wuraren biyu yana buƙatar mayar da wannan awo zuwa wancan, kuma hakan ba ya da sauƙi, domin girman mudu yana bambanta daga gari zuwa gari, cikarsa kuma ta danganta da hannun mai awo. Akan ƙiyasta kwano arba'in a babban buhun hatsi, amma wanda ya saya ya auna a gida ya san lissafin ba kullum yake cika ba.

A kasuwa farashi abin tattaunawa ne. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja har a sallama, sannan a nemi gyara. Ragi da gyara suna cikin ainihin farashin, kuma wanda ya iya ciniki ko aka san fuskarsa ya fi samun su. A kanti babu tayi babu gyara, amma baƙo da ɗan gari, yaro da babba, duk abu ɗaya suke biya. Don haka wanda bai iya ciniki ba, ko wanda tufafinsa ko motarsa kan sa a tsawwala masa, yana iya samun sauƙi a kanti fiye da kasuwa.

4.2 Yadda Kuɗi Suke Shigowa Gida

Wannan shi ne ma'aunin da sauran suke rataye a jikinsa. Ma'aikacin da ake biya a ƙarshen wata yana iya sayen buhun shinkafa da jarkar mai da katan ɗin taliya a lokaci guda, a Singa ko a kanti, ya ci ribar sari. Tela da birkila da direban A Daidaita Sahu da ɗan dako kuwa, abin da suka samu yau shi ne cefanen gobe. Irin wannan gida yana sayen sukari a ƙulli da mai a ƙaramar kwalba da tumatir a kashi, wurin mai shagon unguwa, wanda yake farke babban ƙunshi ya rarraba shi daidai da aljihun maƙwabtansa. Idan aka tara abin da ya biya a wata, talaka ya sayi kowane mudu da tsada fiye da mai hali, kuma ya san haka, sai dai ba shi da jarin da zai sayi arahar.

Ajiya ma tana cikin lissafin. Sayen nama da kaza da kayan miya na mako biyu yana buƙatar firji, firji kuma yana buƙatar wutar lantarki mai ɗorewa. Inda wuta ba ta tsayawa, sayen kaɗan-kaɗan kullum shi ne hanyar kauce wa asara. Wasu magidanta sukan samu sauƙin sari ta hanyar haɗa kuɗi, kamar yadda ake yin watandar sa a raba nama, ko a sayi buhu a raba shi da kwano.

4.3 Bashi da Sanayya

Hausawa suna cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mai shagon unguwa yana da littafin da yake rubuta abin da gidaje suka karɓa kafin albashi ya fito ko kafin ciniki ya faɗa, kuma jinginar da yake riƙe da ita ita ce maƙwabtaka da mutunci. Babban kanti ba ya ba da bashi. Saboda haka magidanci da yawa sukan ci gaba da sayen wasu kayayyaki a shagon unguwa ko da sun san da ɗan ƙari a farashinsa, domin wanda ya ƙaurace wa mai shago a ranar samu zai ji nauyin tunkararsa a ranar rashi. Ƙarin da ake biya ya zama tamkar kuɗin riƙe ƙofar da za a ƙwanƙwasa idan wata ya yi nisa.

Hanyar biyan kuɗi ma ta taɓa sauya lissafin. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira da ya biyo bayan sauya fasalinsu, kantunan da suke karɓar kati sun samu fifiko, wanda ya tilasta wa ƙananan 'yan kasuwa da yawa buɗe asusun banki da karɓar tiransifa.

4.4 Nisa da Sufuri

Tun da aka hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013, A Daidaita Sahu ya zama babban abin hawan jama'a, kuɗinsa kuma ya tashi da tashin fetur. A ƙaddara wani wuri mai nisa ya fi na kusa sauƙi da naira 200 a kan kowane abu, mai saye kuma abu biyar yake buƙata. Ragin da ya samu naira 1,000 ne. Idan zuwa da dawowa sun ci naira 1,200, ya yi asarar kuɗi da lokaci. Idan kuwa abu talatin zai saya, tafiyar ta biya kanta. Wannan ya sake nuna cewa arahar wuri mai nisa ta mai sayen da yawa ce.

4.5 Inganci da Amana

Kowane wuri yana da abin da ake amince masa a kai. A kayan gwangwani da madarar jarirai da magungunan wanki, kanti ya fi kwantar da hankali, domin mai saye yana iya duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewar kaya a natse, kuma yana da rasit idan ƙorafi ya taso. Duk da haka tsayayyen farashi ma yana buƙatar sa ido: a watan Fabrairun 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, ta rufe wani babban kanti a Abuja na ɗan lokaci bisa zargin cewa farashin da ke kan kanta ya saɓa da wanda ake caja wurin biya.

A ɗanyen kaya kuwa kasuwa ce a gaba. Tumatirin da ake nomawa a filayen rani na Kura da Kadawa da Bunkure yana isa 'Yankaba da sassafe, kuma farashinsa yana bin lokaci: ya faɗi a tsakiyar rani, ya tashi a farkon damina. Haka hatsi yake sauƙi da kaka. Mai cefane a kasuwa yana cin moriyar wannan sauyi nan take. Game da nama, mutane da yawa sun fi natsuwa da mahaucin da suka sani, wanda suka tabbatar da yankansa, a kan naman da aka naɗe a leda.

4.6 Wanda Yake Zuwa Cefanen

A gidajen da ake kulle, maigida ne yake cefane, ko a aiki yaro, ko a saya wurin 'yan talla da matan da suke sana'a a cikin gida. Yaro ba za a aike shi kanti mai nisa ba, sai shagon da ake iya hango shi daga ƙofar gida. A gefe guda, babban kanti ya samar wa matan aure da ma'aikata mata wurin da suke zaɓen kaya da kansu ba tare da turereniya ko doguwar jayayya da maza ba. Ga wasu iyalai ma zuwa kanti ya zama fita ta shaƙatawa, musamman da sallah. Sai dai yawan masu zagayawa ba shi ne yawan masu saye ba.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, ana iya fahimtar cewa magidanci a Kano ba ya tsayawa a wuri ɗaya. Yakan rarraba cefanensa: hatsi a Dawanau ko wurin mai awo da kaka, kayan miya a kasuwa mafi kusa, kayan gwangwani a Singa ko kanti a farkon wata, abin da ya yanke kuma a shagon unguwa. Ainihin tsadar kowane wuri ita ce farashi, a haɗa da kuɗin mota da abin da zai lalace kafin a ci, a cire ragi da gyara, sannan a yi la'akari da ko wurin zai ba da bashi. Kantin da ya dogara ga mai mota da firji da albashi yana magana ne da kaso kaɗan na mazauna birnin, kuma kason yana ƙanƙancewa a duk lokacin da albashi ya kasa bin farashi.

Ga masu nazarin Hausa, fagen yana da abubuwan da suka cancanci a tattara su tun yanzu. Kalmomin tayi da albarka da sallamawa da gyara suna rayuwa ne a inda ake ciniki da baki, kuma yaron da ya tashi yana ɗaukar kaya daga kanta ba lallai ne ya gaje su ba. Haka kuma sunayen awo da bambancinsu tsakanin Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram, da ƙa'idojin littafin bashin mai shago, duk suna jiran wanda zai bi kasuwanni da unguwanni ya rubuta su daga bakin masu amfani da su.