Igiyar ta ratsa Damagaram, saura ta shiga gida

Daga Zinder zuwa Magarya har iyakar Najeriya, akwai wata igiya kwance ƙarƙashin ƙasa a gefen hanya. Zaren gilashi ne siriri wanda haske ke bi yana ɗauke da saƙonnin intanet, fibar ke nan. Reshe ne na babban aikin da zai haɗa Nijar da Aljeriya, Chadi, Najeriya, Benin da Burkina Faso, wanda Bankin Raya Afirka ya amince da shi a 2016. Rabon Nijar kilomita 1,031 ne, a kan kuɗi kusan Yuro miliyan 43.

Dalilin wannan kashe kuɗi a fili yake. Nijar ba ta da teku, intanet kuwa ta ƙarƙashin teku yake zuwa Afirka ta Yamma, ya sauka a Kwatano ko Legas, sannan a biya maƙwabta kuɗin wucewa. Da igiyoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Kodebuwa a Maris 2024, yankin duka ya ji a jikinsa. Mai ƙofa ɗaya kullum a tsorace yake.

To amma mutumin Damagaram ya san bambancin babban bututun ruwa da ke wucewa ta ƙofar gida da famfon da ke cikin tsakar gida. Babbar igiya gwamnati ce da bankuna suka biya. Jan ta zuwa shago a kasuwar Dole, ko kafa eriya a ƙauyukan Mirriya, wannan lissafin Airtel ne da Moov da Zamani da Niger Telecoms, kuma ɗan kasuwa ba ya zuba kuɗi inda ba zai kwashe ba. Abin da yake tambaya shi ne mutum nawa eriyar za ta ɗauka, kuma nawa za su iya sayen data. A Matamaye da Magarya jama'a sun yi kauri, lissafi na iya fita. A arewa, wajen Tanut da Tasker, sai a yi doguwar tafiya tsakanin rijiya da rijiya, eriyar kuwa kuɗinta bai ragu ba.

Sai wuta, wadda a ganina ita ce babbar matsalar. Lantarkin Zinder da Maraɗi ta layin Katsina yake shigowa, kuma an ga abin da ya faru da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a Agustan 2023. Eriya ba ta barci: ko janareto da gazuwal, ko farantan sola da batura, da mai gadi da zai kwana yana tsaronsu. Duk wannan a kan katin mai waya yake ƙarewa. Shi ya sa za ka ga saurayi a unguwar Zango ya ɗaga waya sama yana juyi, yana cewa rezo ya gudu.

Haraji ma na da nasa hannu. A ƙarshen 2018 hukumar haraji ta rufe ofisoshin kamfanin waya na Orange a Yamai, a 2019 kamfanin ya sayar da harkarsa ya tafi, daga nan Zamani ta samo asali. Masu jari ba sa manta irin wannan.

A 2025 Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan Adam, ya fara aiki a Nijar da izini, ba haƙa rami, ba jan igiya. Asibitin karkara ko ofishin magajin gari zai iya sayen farantinsa ya biya kuɗin wata. Manomin gero a Damagaram Takaya kuwa, sai in wani ya saya ya riƙa sayar masa da awa-awa.