Haɓo Bayan Allurar Kemo Ba Zafin Rana Ba Ne

Mai jinyar ciwon daji a Kawaji ko Giginyu a Kano, in ya ga haɓo ya ƙi tsayawa, ko dasashi na jini, ko jajayen ɗigo-ɗigo a ƙafa mako ɗaya zuwa biyu bayan kemo, kada ya tsaya jiƙa magani. Sau da yawa ƙwayoyin daskarar da jini ne suka yi ƙasa. Ɓargo ke ƙera su, magunguna irin su carboplatin da gemcitabine kuwa suna raunana ɓargo. Lafiyayye yana da 150,000 zuwa 450,000 a kowace mikrolita ta jini. In sun faɗi ƙasa da 10,000, likitoci kan yi ƙarin ƙwayoyin ko da jini bai zuba ba. Matsalar ita ce waɗanda aka ɗiba daga mai ba da jini ba sa wuce kwana biyar zuwa bakwai a ajiye.

Shi ya sa masana ke neman maganin da zai zaburar da ɓargo. Amurka ta amince da oprelvekin a 1997, amma kumburin jiki da rikicewar bugun zuciya suka sa aka guje shi. Romiplostim, allurar da aka amince da ita a 2008 don wata cutar ƙarancin ƙwayoyin daban, ta nuna alamun nasara a wani ƙaramin gwaji a asibitin Memorial Sloan Kettering na New York, wanda aka wallafa a 2019. Avatrombopag kuwa, da aka gwada shi a kan masu kemo, bai fi ƙwayar bogi ba. Romiplostim da avatrombopag na iya jawo gudan jini a jijiya, don haka ba abin saye ba ne a kemis.

Sai batun ganyen gwanda da ke yawo a WhatsApp, wai yana ƙara ƙwayoyin. Yawancin binciken da aka yi a kansa na zazzaɓin denge ne, a Malesiya da Indiya. Sha'anin kemo daban ne, kuma mai tallan ba zai gaya maka ba.

Mai kemo ya ƙaurace wa asfirin, ibuprofen da diclofenac. Wanzami ya dakata da ƙaho da cire beli, asuwaki mai tauri ma a ajiye shi. In an ga baƙin bayan gida, jini a fitsari ko matsanancin ciwon kai, a garzaya sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko inda ake yi masa kemo, da takardar gwajin jininsa ta ƙarshe a hannu.